"Sai Na Yi Shawara": Jiran Amsar Mai Gida a Junju da Gaya

A kasuwar dabbobi tayi ba ya kwana. Ka taya sa, mai shi ya ce albarka ko ya ce ya sallama, kafin rana ta take tsaka kowa ya san inda ya tsaya. Haka ake yi da buhun gero, haka ake yi da ɗaurin rake a bakin fadama. Cinikin gida ne yake da amsa ta uku, kuma a Junju da Gaya da garuruwan da ke tsakaninsu ita aka fi ji: "Na ji tayinka, sai na yi shawara." Amsa ce ta mutunci, ba wanda zai ga laifin dattijon da ya ba da ita. Aibinta ɗaya ne, ba ta da rana. Tana iya zama kwana uku, tana iya cinye damina sukutum, kuma duk tsawon lokacin mai saye yana riƙe da kuɗin da ya yi shekaru yana tarawa, bai zama mai gida ba, ba a kuma sake shi ya nemi wani ba.

Junju, wadda takardun hukuma ke rubutawa Dioundiou, tana jihar Dosso, arewa da Gaya, a kwarin Dallol Mauri inda ruwa ke kusa har ake noman rake da rogo da dankali. Da can ƙarƙashin Gaya take. A 2011, da Nijar ta ƙara yawan gundumominta, aka ba ta tata, ta haɗa ƙananan hukumomin Junju da Karakara da Zabori. Gabas da ita jihar Kebbi ce ta Najeriya, ƙasar Kangiwa, dangi ɗaya iyaka ta ratsa. Kudu kuwa Gaya ce a bakin kogin Isa, da gadarta ta 1958 da ke tsallakawa Malanbil ta Benin, ga Kamba nan kusa ta ɓangaren Najeriya.

Zaman tsakanin ƙasa uku shi ya tsara masu sayen gida a nan. Akwai ɗan ci-ranin da ya dawo daga Legas ko Kwatano ko Lome, yana son ya fita daga ɗaki ɗaya na gidan mahaifinsa. Akwai ɗan kasuwar da rake ko shinkafa ta yi wa albarka, da malamin makarantar da aka turo aiki ya ga zai daɗe, haya ta ishe shi. Ba wanda ke zuwa da bashin banki na shekara ashirin irin na Turai. Kuɗi ne tsaba, kuma tsabar kuɗi a hannun mai iyali ba ta jira.

Yadda maganar ke tafiya

Mai saye ba ya tunkarar mai gida kai tsaye, sai ta bakin dillali ko wani dattijon da duka biyun ke jin nauyinsa. Za a kai shi ya ga gidan, a yi sallama mata su shige ɗaki. Zai ƙirga ɗakuna, ya ƙwanƙwasa bango ya ji ko laka ce aka yi wa shafen siminti ko bulo ne tun daga tushe, ya ɗaga kai ya duba ko gara ta taɓa azara, ya leƙa rijiya, ya sunkuya gindin katanga inda ruwan bara ya bar alama. A kwari wannan duban na ƙarshe ya fi duka, domin gidan da ya yi kyau da rani yana iya tsatsafo da ruwa ta ƙasa a watan Agusta. Daga nan ya faɗa wa dillali abin da ya taya.

Da la'asar dillali ya sami mai gida a zaure. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Baba, Alhaji ya ga gida, ya yaba, ga abin da ya taya." Baba ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "To, madalla. Ka gaya masa na ji. Amma ka san gidan nan ba nawa ba ne ni kaɗai, sai na ji ta bakin Yaya da ke Kwatano, da su Hajiya." In dillali ya yi ƙarfin hali ya ce, "Zuwa yaushe, Baba?" abin da zai samu shi ne, "In Allah ya so ba za a daɗe ba." Da wannan zai koma wa mai saye, ya ɗora nasa a kai: "Kwantar da hankalinka, Alhaji, gida kamar naka ne."

Mafi yawan lokaci gaskiya Baba ya faɗa. Tsofaffin gidajen cikin gari na gado ne, kuma ba kasafai ake raba su ranar da aka raba sauran dukiyar mamaci ba. Akan bar gida a dunƙule, wani daga cikin manya yana riƙe da shi, alhali a shari'a kowane ɗa da kowace ɗiya da matar mamaci suna da kasonsu. Wata ɗiyar tana aure a Kangiwa, wata a Dosso, wani ɗan ya daɗe a Libiya sai dai saƙon murya ta WhatsApp in ya sami layi. Ga marayun ƙanen da ya rasu, waɗanda sai waliyyinsu ya yarda. Wanda ya sallama gida bai ji ta bakin waɗannan ba, rigima ya sayar, irin wadda ke kai mutane gaban sarki da alƙali shekara da shekaru.

Sannan akwai kunya. Sayar da gidan uba abu ne da ake yi a asirce, kuma al'ada ta ɗora wa mai sayarwa ya fara tuntuɓar dangi, sannan maƙwabcin da suka haɗa katanga, kafin bare. Ga kuma tambayar inda iyali za su koma, domin ba mai kwashe yara da damina, ba mai fara gini sai ruwa ya ɗauke tubali ya bushe. Duk uzurai ne na ƙwarai.

Amma akwai mai gidan da ke karɓar tayi don ya gwada kasuwa da shi. Dillali, wanda la'adarsa ke ƙaruwa in kuɗin gida ya ƙaru, sai ya zagaya wurin wani mai hali ya ce an taya gidan wane kaza, in ka ɗora kaɗan naka ne. Wanda ya fara tayawa yana can yana jiran Yaya na Kwatano, bai san shi ne tsanin da ake takawa ba. Ranar da amsa za ta zo masa sai a ce dangi ba su yarda ba, bayan mako biyu ya ga ana sauke yashi a ƙofar gidan. Daga waje ba a bambance shirun mai jiran ƴan'uwa da shirun mai jiran ƙari, shi ya sa rashin wa'adi yake cutar mai gaskiya ma, ana zarginsa da abin da bai yi ba.

Abin da jira ke ci

Wani zai ce ai mai saye ba a ɗaure shi ba, ya janye mana. A shari'a haka ne, amma zaman gari ya fi ƙarfinsa. Wanda ya taya gida ta bakin dattijo, ya koma ya taya wani kafin a ba shi amsa, sunansa mai magana biyu, gobe ba dillalin da zai ɗauki tayinsa da nauyi. In kuma aka yi rashin sa'a gidajen biyu suka sallama lokaci ɗaya, ya shiga uku, kuɗin gida ɗaya gare shi. Dole ya zauna. Nauyin magana ya ɗaure mai saye ya bar mai sayarwa a sake, kuma a nan rashin adalcin yake.

Kuɗin kuwa yana zagwanyewa. Da dangi sun ji an dawo da wani abu, ga rashin lafiyar inna, ga auren ƙanwa, ga taki da iri in damina ta kawo jiki, ga abokin da zai ranta zuwa ranar kasuwa. Ɗan ci-rani kwanakinsa ƙidayayyu ne, rumfarsa a Legas ba ta buɗe kanta. Sai ya bar kuɗin a hannun wani ya ce in an sallama a biya, kuma amanar da ba ta da ranar saukewa ta raba zumunci ba adadi.

A bakin iyaka akwai wata ɓarakar kuma, kuɗi iri biyu. Gida a Junju ko Gaya da sefa ake yi masa kuɗi, sefa kuwa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya. Da yawa daga masu saye da naira suka tara nasu. A Yunin 2023 Najeriya ta saki naira kasuwa ta yi mata daraja, dalar Amurka da ƴan canji ke sayarwa wajen naira 750 a lokacin ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024. Wanda ya taya gida da sefa yana riƙe da naira a watannin nan, kowane mako na jira wani yanki na gidan yake zaftare masa, ba tare da mai gida ya ƙara masa ko sisi ba.

Cikin wannan tsakanin ne aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki. Ta Najeriya an buɗe ta a Maris na 2024, gadar Gaya kuwa ta ci gaba da zama a rufe ta ɓangaren Nijar, mutane da kaya suka koma kwale-kwale. Garin da ke ci daga manyan motocin da ke tasowa daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano ya ji jiki. A irin wannan lokaci maganar takan juye: mai gida ne buƙata ta koro, ya sallama da wuri, mai saye ya ce kuɗinsa na hanya, ya shiga jan ƙafa yana jiran matsi ya ƙara karya farashi. Duk wanda ya fi buƙata cikin biyun, shi jira ke ci.

Abin da ke cikin littattafan zaure

Abin da ke damuna shi ne maganin yana cikin littattafan da malamanmu ke karantarwa kullum. Mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar Hausa da ta Dandi ke bi, ta san cinikin zaɓi: a ƙulla ciniki a kan cewa mai sayarwa, ko mai saye, ko dukansu, suna da damar zartarwa ko fasawa zuwa wani lokaci. Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ta halatta shi in an yanka lokaci makusanci, gwargwadon abin da za a gwada kayan ko a yi shawara. Ashe shawarar kanta an san da ita, an ba ta wurinta, an kuma yi mata iyaka. Muhtasar na Shehu Halil, malamin Misira na ƙarni na 14, ya rarrabe abin: tufa da dabba kamar kwana uku, gida kuwa kamar wata ɗaya, masu sharhi suka ce iyakarsa kwana 36. Abu Hanifa da Shafi'i sun tsaya a kwana uku ga kowane irin kaya. Malaman Malikiyya sun ga gida yana buƙatar a duba tushensa da bangayensa, a kuma san halin maƙwabta.

Muhtasar ya kuma lissafa abubuwan da ke ɓata wannan ciniki, uku daga cikinsu duk wanda ya taɓa jiran amsar gida zai gane su. A rataya abin a kan shawarar wanda yake nesa, wanda amsarsa ba za ta iso ba sai lokaci ya wuce; ko a yanka lokacin da ya zarce ƙa'ida; ko a ɗora shi a kan lokacin da ba a sani ba, irin "sai wane ya dawo" alhali ba wanda ya san ranar dawowarsa. A zamanin ayari, ɗan'uwan da ke Gwanja yana nesa da gaske. Yau wanda ke Kwatano ana jin muryarsa a yini guda. Uzurin nisa ya ragu ƙwarai. Abin da ya saura shi ne wahalar haɗa kan mutum goma a kan magana ɗaya, kuma wata guda ya isa a gane ko za su haɗu ko ba za su haɗu ba.

In wa'adi ya cika ba wanda ya ce uffan, malaman sun ce abin ya tabbata ga wanda yake hannunsa. Gida yana hannun mai shi, saboda haka shirunsa fasawa ne, mai saye ya kama gabansa bai saɓa wa kowa ba. Ba su kuma yarda a sharɗanta biyan kuɗin tun cikin kwanakin zaɓi ba, don kada kuɗin ya zama in an zartar farashi ne, in an fasa rance ne.

Sai maganar tayi a kan tayi. Kowa ya san hadisin da ya hana mutum taya abin da ɗan'uwansa ke cikin tayawa. Imam Malik a Muwaɗɗa ya bayyana cewa hanin yana farawa ne daga lokacin da mai kaya ya karkata ga mai tayi suka shiga daidaita sharuɗɗa. Kafin haka, kayan da aka fitar kasuwa kowa na iya tayawa. To "sai na yi shawara" a wane gefe take? Mai gida ya karkata ko bai karkata ba? Cikin wannan duhun dillalin da ba ya tsoron Allah yake fakewa. Da mai gida zai ce, "Na ba ka zuwa Juma'a ta huɗu, kafin nan ba na sauraron kowa," ko ya ce, "Ina jin tayin kowa zuwa ranar kaza," da duka biyun halal ne, kuma kowa ya san abin da ya shiga.

Akwai wani wa'adin da ke bin gidan gado ko bayan an biya. Idan ɗaya daga masu tarayya ya sayar wa bare da kasonsa kafin a raba, sauran suna da haƙƙin shufu'a, su biya abin da baren ya biya su karɓe. A Malikiyya haƙƙin na abokin tarayya ne, maƙwabci ba ya ciki. Wanda yake gari ya sani ya yi shiru, haƙƙinsa yana faɗuwa bayan shekara. Wanda ba ya nan kuwa yana kan haƙƙinsa ko ya daɗe. Ga yankin da gidaje da yawa ke da mutum a waje, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mai saye mai hankali ba zai matsa wa Baba ya sallama cikin kwana biyu ba. Gara ya ba da wata ɗaya a ji ta bakin kowa, a ajiye saƙon muryar da Yaya ya ce ya yarda, a sa shaidu su saurara, da ya sami amsar gaggawa da za ta dawo masa bayan shekaru.

Kafin alƙalami da takarda

Hanyar da aka saba bi don ɗaure magana ita ce kafin alƙalami, kuma a nan dokar gwamnati da fiƙihun gida suka rabu. Nijar ta gaji kundin dokokin mu'amala na Faransa. Sashe na 1583 ya ɗauki ciniki a matsayin ƙullalle da zarar an daidaita a kan kaya da kuɗi, ko ba a biya ba, ko ba a miƙa ba. Sashe na 1590 kuwa ya bar wa kowa ƙofar fasawa in an ba da kuɗin riƙo: wanda ya bayar ya yi asararsa, wanda ya karɓa ya mayar da ninkinsa. Malik ya hana cin wannan kuɗi. In ciniki ya tabbata a lissafa shi cikin farashi, in ya tashi a mayar wa mai shi. Hambaliyya sun halatta a riƙe. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta bi ra'ayin halattawa, da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. Ta kowace ƙofa aka shiga, sai an dawo kan rana.

A aikace kuwa, akan miƙa wani abu a zaure ba takarda, ba rana, ba a kuma faɗi makomarsa in an fasa ba. Mai gida ya kashe shi a kan buƙatar da ta sa shi sayarwa tun farko. Dangi su ƙi. Wanda ya zo neman gida ya koma mai bin bashi, ana ba shi jika biyar yau, jika goma wata mai zuwa.

Takardu ma suna da nasu lokacin. Gidan da ke unguwar da hukuma ta yanka filayenta yana da takardarsa daga ofishin magajin gari, sai an je an canja suna. Abin da yake na gargajiya yana bi ta hannun mai gari da hukumomin filaye da dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa tushensu, tun daga ta ƙauye, wadda mai gari ke shugabanta, zuwa ta ƙaramar hukuma da ta gunduma. Rigimar filin da ba shi da rajista ko rubutacciyar hujja da al'adar masu ƙara kotu ke yanke ta, kuma sarakuna ke fara sulhu. Saboda haka maganar baki a gaban shaidu tana da nauyi. Sai dai shaida ba zai iya tsayawa a kan "ya ce zai ba ni amsa" ba. Zai iya tsayawa a kan "ya ce zuwa goma ga Rajab."

Sauran duniya kowa da yadda ya bi da abin. A Amurka takardar tayi tana zuwa da rana da sa'ar faɗuwarta, galibi kwana ɗaya zuwa uku. In mai gida ya yi shiru tayin ya mutu. Faransa ta gyara kundinta a 2016, ta rubuta ƙarara cewa tayi yana faɗuwa in wa'adinsa ya wuce, ko lokaci madaidaici in ba a sa masa wa'adi ba, kuma shiru ba yarda ba ne. Ingila ce ta fi kama da mu: ko mai gida ya ce ya karɓi tayi, ba abin da ya ɗaure shi sai an yi musayar takardun yarjejeniya makonni bayan haka, kuma mutanen can sun daɗe suna kukan masu gidan da ke juya baya in wani ya ɗora. Gajeren wa'adin Amurka kuwa an yi shi ne don gidan mutum ɗaya ko mata da miji, mai takarda a rajista. Ba zai zauna a gidan da magada goma ke da haƙƙi ba.

Wa zai faɗi ranar

Ladabi ne ke hana a yanka wa'adi. Yaro ba ya ce wa sa'an ubansa "na ba ka kwana goma." Ko attajiri ne, in ya faɗi haka a zauren dattijo ciniki ya mutu a nan, kuma gari zai ba dattijon gaskiya. Ranar ba daga bakin mai saye za ta fito ba. Aikin ɗan tsakani ne, don irinsa yake cin la'ada. Dillalin da ya san aikinsa yana da hanyar faɗa: "Baba, don kada mu riƙe bawan Allah, shi ma matafiyi ne, wace Juma'a zan dawo in ji?" Ya bar Baba ya zaɓi ranar da bakinsa. Dattijon da ya ambaci rana da kansa a gaban mutum biyu ba ya son a ga ya saɓa. In lokacin ya zo Yaya bai amsa ba, ana iya ƙarawa, amma da yardar mai saye, kuma zuwa wata ranar da aka ambata.

A ganina wata ɗaya na malaman Malikiyya shi ne ma'aunin da ya dace da gidan gado. Gidan da mutum ya gina da kansa, takardarsa na hannunsa, mako ɗaya ya ishe shi. Fiye da haka ƙari yake jira, in kuwa ƙari yake jira ya faɗa, ba haramun ba ne. Shi ma mai saye, ranar da aka sallama masa a yanka masa tasa ranar biya, in ta wuce gida ya koma kasuwa.

Sakataren hukumar filaye ta ƙauye, ko malamin da ke rubuta wa mai gari takardu, yana iya rubuta rabin shafi tun ranar tayi, da boko ko da ajami, maimakon a jira sai ranar biya: gidan da iyakokinsa, abin da aka taya, sunayen magadan da za a tuntuɓa da wanda zai kira kowannensu, ranar amsa, ko mai gida zai saurari wani tayin kafin nan, da abin da za a yi da kafin alƙalami in an fasa. A Junju da Gaya akwai layi ɗaya da za a ƙara wanda mutumin Yamai ba ya buƙata: da sefa za a biya ko da naira, in kuma naira ce, a kan canjin ranar tayi ko na ranar biya.